Lugude a Cikin Kwamfuta: Sana'ar Masu Zaburar da Na'ura

Ƙarfe biyun dare, gari ya yi tsit, shi kuwa yana zaune gaban wata kwamfuta da aka tuɓe wa riga. Babu akwati. Madabod ɗin yana shimfiɗe a kan kwalin da ya zo a ciki, wayoyi sun barbazu a kan tebur kamar kayan cikin rago ranar layya. Ko maɓallin kunnawa babu. Da bakin sukudireba yake haɗa wasu 'yan ƙusoshi biyu, fanka ta tashi. Kafin Windows ta buɗe ido ya riga ya danna Delete, ya faɗa cikin BIOS, wato ɗakin da ake ajiye dokokin da na'urar ke tashi da su. Ya nemo wata lamba, 16, ya mayar da ita 15. Ya danna F10. Sikirin ya yi baƙi.

Nan fa jira ya fara. Wata 'yar fitila a gefen madabod tana ta sauya lambobi, RAM na gwada sabuwar dokar da aka ɗora masa. In an yi dace, na'urar za ta tashi. In ba a yi ba, za ta yi ta kunna kanta tana kashewa, har sai ya zare ɗan batirin nan mai kama da sulalla, ko ya danna maɓallin da ke goge duk abin da ya saita, ya koma farko. A gefen hannunsa akwai littafi da biro. Kowace lamba ya taɓa sai ya rubuta, domin a wannan aiki wanda ya dogara da tunaninsa ya shirya kwana biyu yana neman inda ya ɓata.

Turawa suna kiran aikin obakulokin. In an so a faɗa da Hausa, zaburar da kwamfuta ke nan: a sa ta yi gudun da ya wuce wanda kamfani ya rubuta mata a kwali. Masu kallo daga nesa suna ɗauka gasar sauri ce kawai. Waɗanda suka daɗe a ciki sun san cewa saurin shi ne ɓangare mafi sauƙi. Gwanintar tana wajen daidaita abubuwa biyu da ba halinsu ɗaya ba, furosesa da RAM.

Magini da mai miƙo tubali

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan dutse da ke bugawa kamar zuciya, kuma duk wani aiki a kan wannan bugu yake tafiya. A yawancin kwamfutocin tebur na yau bugun tushe megahaz 100 ne, wato bugu miliyan 100 a daƙiƙa ɗaya. Furosesa yana ɗaukar wannan ya ninka. In lambar ninkinsa 45 ce, zai yi gudun megahaz 4,500, ko gigahaz 4.5. Saboda haka hanya biyu ce ta ƙara gudu: ko a ɗaga lambar ninki, ko a ɗaga bugun tushen kansa.

Sai dai furosesa magini ne a bisa katanga. Duk zafin namansa, ba zai ɗora tubalin da bai iso hannunsa ba. RAM ne mai miƙo masa. Furosesan da ke gudun gigahaz 5 yana gama bugu ɗaya a cikin kashi ɗaya bisa biyar na nanosakan, shi kuwa nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa. Amma in ya aika RAM ya kawo masa wani bayani, zuwa da dawowa kan ci nanosakan 60 zuwa 80. A wannan ɗan tsakanin bugu ɗari uku ko huɗu sun wuce. Shi ya sa masu ƙera furosesa suke yi masa 'yar ma'ajiya a jikinsa, kamar tulin tubalin da magini ke tarawa a gindin ƙafarsa. Muddin abin da yake nema yana cikin tulin nan, aiki na gudu. Ranar da babu, sai ya tsaya ya zuba wa mai miƙo ido.

RAM kuma yana da siffofi biyu da sabon shiga kan rikita. Akwai yawan kayan da yake iya turowa a daƙiƙa, akwai kuma tsawon jiran da ake yi kafin kayan farko su iso. Sandar DDR4-3200 guda ɗaya tana iya turo gigabait 25.6 a daƙiƙa. In an sa biyu a ramukan da suka dace, hanya ta zama biyu, adadin ya ninka. Jira kuwa yana cikin jerin lambobin da ake rubutawa a jikin sandar, irin su 16-18-18-38. Ta farkon, wadda ake kira CL, ita ce yawan bugun da RAM zai jira kafin ya fara ba da amsa. Lissafinta ba wuya: a ninka CL da 2,000, a raba da lambar gudun. DDR4-3200 mai CL16 nanosakan 10 ne. DDR4-3600 mai CL18, nanosakan 10. DDR5-6000 mai CL30, nanosakan 10. Ko tsohon DDR-400 mai CL2 na farkon shekarun 2000, nanosakan 10 ɗin dai. Shekara ashirin ana faɗaɗa hanya, amma mai tsaron ƙofa bai rage nawarsa ba. Wanda ya gane wannan lissafi babbar lamba a kwali ba ta sake ruɗarsa.

Inda abin ya samo asali

Sana'ar ta girmi yawancin masu yin ta a yau. A 1984 kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa PC AT mai gudun megahaz 6. Ba a jima ba masu ƙiriniya suka gano cewa in an cire ɗan dutsen bugunta aka sa wani, sai ta haura zuwa 8. A shekarun 1990 aikin ya koma kan wasu 'yan hulunan roba da ake cirewa daga wannan ƙusa a mayar kan waccan. Daga baya kamfanin ABIT na Taiwan ya shigo da saitin cikin BIOS, aka huta da tsintar hular roba da hantsaki.

Asalin damar kuwa daga masana'anta take. Furosesoshi da yawa ake yankowa daga faifan silikon ɗaya, kuma ba sa fitowa daidai da juna, kamar 'ya'yan ciki ɗaya. Kamfani yana gwada su, ya ware masu ƙarfi ya sa musu tsada, masu rauni ya sa musu araha. Amma kasuwa ta fi neman mai araha, don haka wani lokaci mai ƙarfi ma akan rubuta masa ƙaramin gudu a sayar. Ga kuma rarar da kamfani ke bari da gangan, don na'urar ta yi aiki a ɗaki mai zafi da wuta mara kyau. Wannan rara ita ce gonar mai zaburarwa.

Babu labarin da tsofaffin sana'ar suke son maimaitawa kamar na Celeron 300A, wanda Intel ya fitar a 1998. Bugun tushensa 66 ne, ninkinsa 4.5, gudunsa megahaz 300. In aka ɗora shi a madabod mai kyau, irin ABIT BH6, aka mayar da bugun tushe 100, sai ya tashi a 450, ƙarin rabi cur, ya kama ƙafar Pentium II mai 450 wanda ya ninka shi kuɗi sau da yawa. Amma ko a wannan garaɓasa akwai darasi. A lokacin, bugun tushe ɗaya ne ke jan furosesa da RAM da hanyar da hadis, wato faifan ajiyar fayiloli, ke bi. Wanda ya tsallaka kai tsaye zuwa 100 ya tsira, don madabod ɗin ya san yadda zai raba 100 gida uku ya bai wa hanyar hadis 33 ɗinta, sai dai dole ya nemi RAM mai jure 100. Wanda ya ji tsoro ya tsaya a 83 kuwa, yana ganin ya yi taka-tsantsan, ya tura hanyar hadis sama da 41, kuma da yawa sun wayi gari fayilolinsu sun dagule. Igiya ɗaya ce. In ka ja ta nan, can ma ta motsa.

A wannan zamanin ne Intel ya kulle lambar ninki, saboda 'yan damfara da ke goge rubutun furosesa mai araha su sayar da shi a matsayin mai tsada. AMD ma ya kulle nasa, amma a shekarar 2000 aka gano cewa a kan Athlon da Duron fensir na makaranta ya isa: a goga bakinsa a kan wasu 'yan gadoji da aka yanke, baƙin fensirin ya haɗa su, kullen ya buɗe.

Ɗaya da ɗaya

Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya riga ya fahimci zuciyar wannan sana'a. Taɓarya na tashi, wata na sauka. Ba ƙarfin kowace ɗaya ke sa dakan ya yi sauri ba, haɗuwar bugun ne. In ɗaya ta ƙara wuta ita kaɗai, ko dai taɓare su gwabzu, ko ta riƙa tsayawa a sama tana jiran 'yar'uwarta. Masu zaburarwa suna da kalmarsu ta wannan haɗuwa, ɗaya-da-ɗaya, kuma shekara da shekaru a kanta ake ta fama.

A 2003 Pentium 4 mai gigahaz 2.4 ya zo da bugun tushe 200 da ninki 12 a kulle. Tura tushen zuwa 250 na ba da gigahaz 3. To amma RAM ɗin da yawancin mutane ke da shi, DDR-400, a 200 yake tsayawa. Mutum na da zaɓi biyu. Ko ya sayi RAM mai tsada da zai bi furosesa zuwa 250, su tafi ɗaya-da-ɗaya, ko ya sa rabo na 5 da 4, furosesa ya buga biyar RAM ya buga huɗu, ya zauna a 200 ɗinsa da gajeren jira. Wanne ya fi? Aka yi ta musu, kuma amsar ta dogara da aikin da za a yi da na'urar. A wannan zamani ne wasu ƙwayoyin RAM na kamfanin Winbond, masu suna BH-5, suka yi tashe, don suna jure jira mafi gajarta, 2-2-2-5, muddin an ɗura musu wuta fiye da ƙa'ida. Daga baya ƙwayoyin Samsung da ake kira B-die suka gaji wannan suna a zamanin DDR4. Gwani ba ya tambayar sunan da ke jikin sandar RAM. Tambayarsa ita ce ƙwayoyin wane ne a ƙarƙashin murfin.

A da, mai kula da zirga-zirgar RAM yana zaune ne a kan madabod. AMD ya ɗauke shi ya shigar cikin furosesa a 2003 da Athlon 64, Intel ya bi sahu a 2008. Tafiya ta gajarta, amma daga nan zaburar da RAM ya zama zaburar da wani sashe na furosesa ma. A 2011 Intel ya ɗaure bugun tushe a 100, ya buɗe lambar ninki ga furosesoshi masu harafin K kaɗai. Core i5-2500K, wanda aka rubuta wa gigahaz 3.3, ya riƙa kai 4.5 a hannun mutane da fankar kirki kawai.

Sai Ryzen na AMD ya zo a 2017 ya dawo da tsohon lugude sabo. A cikinsa akwai wata hanya da ke haɗa sassan furosesa, mai suna Infinity Fabric, kuma gudunta yana tafiya da na RAM. Shi DDR sau biyu yake aika bayani a kowane bugu, a tashin taɓarya da saukarta, don haka DDR4-3600 a zahiri megahaz 1,800 yake bugawa. A kan Ryzen 3000 na 2019, in hanyar cikin ita ma tana 1,800, an yi ɗaya-da-ɗaya, komai na tafiya sumul. Sai mai kuɗi ya je ya sayo DDR4-4000, yana murna ya fi kowa. Wannan na bukatar hanyar ciki ta kai 2,000, abin da yawancin furosesoshin ba sa iyawa. Sai na'urar ta raba auren, mai kula da RAM ya koma rabin gudu, jira ya ƙaru. Ga lamba babba a sikirin, ga wasa yana tafiya ƙasa da na maƙwabcinsa mai 3600. Sauri ya haifi nawa. Intel ma ya shigo da irin wannan rabo a 2021, ya kira shi Gear 1 da Gear 2. A kan Ryzen 7000 kuwa, AMD da kansa ya nuna DDR5-6000 a matsayin inda lugude ya fi daɗi.

Yadda ake aikin

Doka ta farko da ake koya wa sabon shiga ita ce abu ɗaya a lokaci ɗaya. Gwani yakan fara da sassauta wa RAM, ya mayar da shi ƙaramin gudu, don duk tuntuɓen da aka yi a san na furosesa ne. Ya ɗaga ninki taki ɗaya, ya gwada. Ya ƙara, ya gwada. Inda na'urar ta fara tangaɗi, ya ƙara mata wuta kaɗan. Da ya gano iyakar furosesa, sai ya mayar da shi yadda yake, ya juya kan RAM da mai kula da shi, ya nemo tasu iyakar. Sai a ƙarshe ya haɗa su. A nan ne yakan tarar cewa iyakokin biyu ba sa zama tare, don zafi ɗaya suke rabawa, wutar ma haka. Dole wani ya sauko. Sanin wanda zai sauko, da taki nawa, shi ne abin da ba a koya a rana ɗaya. Mai haɗa bidiyo ko zanen gini ya fi cin moriyar gudun furosesa. Mai wasannin kwamfuta sau da yawa gajeren jiran RAM ya fi yi masa rana.

Wuta ita ce abokiyar tafiya kuma ita ce abokiyar gaba. Zafin da furosesa ke fitarwa yana hawa daidai da gudu, amma da ƙarfin wuta ninki biyu yake hawa, wato lambar a ninka ta da kanta. Wanda ya ɗaga gudu daga gigahaz 4 zuwa 4.6, ya ɗaga wuta daga bolt 1.2 zuwa 1.4, ya samu ƙarin gudu kashi 15 cikin 100, ya biya da ƙarin zafi sama da kashi 50. Kowane taki na gaba ya fi na baya tsada. Shi kuma RAM ba ya son zafin. Kowane ɗigon bayani a cikinsa yana zaune ne a wani ɗan tulu mai yoyo, wanda dole a riƙa sake cika shi sau da yawa a daƙiƙa ɗaya, tsarin da Robert Dennard na IBM ya ƙirƙiro a shekarun 1960. Masu zaburarwa sukan tsawaita tazarar cikawar don a samu ƙarin lokacin aiki, amma in zafi ya ƙaru yoyon ma ƙaruwa yake. Shi ya sa saitin da ya ci jarrabawa da daddare a kan tebur yakan faɗi da rana bayan an rufe akwati, katin hoto ya hura wa RAM iska mai zafi.

Kuma tuntuɓen biyu ba kamarsu ɗaya ba. In furosesa ya gaza, yakan yi ihu: sikirin ya yi shuɗi, ko na'urar ta mutu. RAM kuwa mugun shiru gare shi. Zai juya sifiri ɗaya ya zama ɗaya, a rubuta kuskuren a cikin fayil, ba wanda ya sani sai bayan wata uku. Don haka rabin sana'ar gwaji ne. Akwai Prime95, wadda George Woltman ya rubuta don farautar wasu manyan lambobi na lissafi, masu zaburarwa suka mayar da ita bulalar gwada furosesa, don tana kama kuskure komai ƙanƙantarsa. Akwai MemTest86, tun 1994 take tone asirin RAM. Akwai CPU-Z mai ba da shaidar gudun da aka kai. Akan bar gwaji ya kwana yana gudu. Kuskure ɗaya a awa ta tara ya rushe aikin duka, kuma a bakin masu sana'ar, na'urar da ba ta tsaya ba ba a ce an zaburar da ita, sai dai a ce an lalata ta.

'Yan sukuwa

Akwai ɓangaren sana'ar da ba ruwansa da tsayuwa. Su waɗannan 'yan sukuwa ne, kambu suke nema. A maimakon fanka, tukunyar jan ƙarfe suke ɗorawa a kan furosesa, su riƙa tsiyaya mata ruwan naitirojin daga fulas, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Farin hayaƙi ya rufe tebur. Kafin nan sun shafe madabod da basilin ko sun toshe shi da roba mai laushi, sun naɗe shi da tawul na takarda, don raɓar da sanyi ke tarawa kada ta haɗa wuta. Hannu ɗaya na riƙe da fulas, ɗayan kuma da 'yar wutar hura zafi, domin wasu furosesoshin in sanyi ya yi musu yawa sumewa suke yi, sai an ɗan gasa tukunyar su farfaɗo.

Sakamakon kowa yana taruwa a shafin HWBOT, inda ake jera gwanayen duniya da maki. Cibiyar sana'ar kuwa Taiwan ce, gidan ASUS da Gigabyte da MSI da ASRock da G.Skill. A bikin baje kolin Computex na birnin Taipei, G.Skill kan shirya gasar duniya, a yi ta a gaban jama'a, a raba dubban daloli. A 2011 furosesan AMD FX ya kai gigahaz 8.429 ya shiga kundin Guinness. A 2014 wani ɗan Finland da ake kira The Stilt ya kai 8.722, kambun ya zauna a hannun AMD har shekara takwas. A Disambar 2022 ayarin ASUS, tare da Jon Sandström ɗan Suwidin wanda aka fi sani da Elmor, suka haura gigahaz 9 da Core i9-13900K, da ruwan hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri.

Abin lura shi ne yadda ake cin irin wannan kambu. Mai neman gudun furosesa yakan sassauta wa RAM, ya rage wa furosesan kaya, ya ɗauki shaida cikin 'yan daƙiƙu kafin na'urar ta faɗi. Mai neman gudun RAM, wanda a DDR5 ya riga ya haura 12,000, sanda ɗaya yake sawa, ya saki jira ya yi tsawo, ya mayar da furosesa tafiyar kunkuru. Kowannensu ya yanka ɗaya don ɗaya ya yi suna. Na'urar da ta ci kambun ba za ta iya buga maka wasiƙa ba. Shi ya sa tsofaffin hannu suke girmama wani gwaji mai suna SuperPi 32M, wanda ya fito daga Jami'ar Tokyo a 1995, yana lissafa lambar pi zuwa gurbi miliyan 32. A nan babu ɓoyo: sai furosesa da RAM da kowace ƙaramar lambar jira sun yi lugude tare kafin a rage daƙiƙa ɗaya.

Ana cin abinci da ita?

Yawancin masu yi sha'awa ce ta kawo su, kuma aljihunsu ke wahala. Babu makaranta, babu takardar shaida. Ana koyo ne daga na gaba, da kuma daga kayan da mutum ya ƙona da hannunsa. Kaɗan ne suka mayar da ita hanyar abinci. Wasu kamfanonin madabod da na RAM sun ɗauke su aiki, su ne ke gyara BIOS da gwada kaya kafin su fita kasuwa. Vince Lucido, Ba'amurken da ake kira Kingpin, ya yi shekaru tare da EVGA a Taiwan, har katunan hoto aka yi da sunansa. Roman Hartung na Jamus, der8auer, ya ƙera na'urar ɓare murfin furosesa, bayan Intel ya koma sa man shafawa a ƙarƙashin murfin a 2012 a maimakon dalma, mutane suka riƙa ɓarewa da reza suna yanka wa kansu asara. Wasu kuma tankaɗe suka riƙe: su sayi furosesa da yawa, su gwada, su ware waɗanda ake kira na zinare su sayar da tsada. Masu sana'ar suna kiran wannan bambanci cacar silikon, har wani shago a Amurka ya ɗauki sunan, Silicon Lottery.

Shagon ya rufe a 2021, kuma rufewarsa ta faɗi halin da ake ciki. Kamfanoni sun koyi girbe gonar da kansu. Furosesan yau yana auna zafinsa da wutarsa, ya zaburar da kansa har kusa da iyaka. RAM ma yana zuwa da saiti a shirye, XMP na Intel tun 2007, EXPO na AMD tun 2022, danna ɗaya ya wadatar, ko da yake a ƙa'ida wannan ma zaburarwa ce, ta wuce gudun da hukumar JEDEC ta tsayar. Kuma an ga abin da ke faruwa in rara ta ƙare. A 2023 wasu Ryzen 7000 suka ƙone saboda wutar da ake bai wa sashen da ke kula da RAM ta yi yawa, AMD ya sa mata iyaka a bolt 1.3. A 2024 Intel ya amsa cewa wuta fiye da kima tana gajiyar da wasu furosesoshinsa na zubi na 13 da na 14, ya fitar da gyara, ya ƙara wa'adin garanti. Yau gwanaye da yawa rage wuta suke yi a maimakon ƙarawa, don furosesa ya yi sanyi ya daɗe a saman gudunsa, sauran ƙarfinsu kuma su zuba shi a kan lambobin jiran RAM.

A wajenmu, yawancin kwamfutocin da ke shigowa na hannu ne, laftof da na ofis, waɗanda BIOS ɗinsu a kulle yake. Ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, ga wuta da ke ɗaukewa ba sallama. Ƙara wa furosesa wuta a irin wannan yanayi neman magana ne. Amma ilimin daidaitawar yana da amfani ga kowane mai gyara. Sanduna biyu masu gigabait 8 sun fi ɗaya mai 16, musamman a laftof ɗin da hotonsa daga RAM yake ci. In an gwama sanda mai sauri da mai nawa, duka biyun tafiyar mai nawa za su yi. Kuma sau da yawa kwamfutar da ake cewa ta tsufa, busar ƙura da sabon man zafi kawai take jira.

Can a kan tebur, asuba ta kusa. Lamba 15 ta tashi, ta kuma ci gwaji ba kuskure. Ya gwada 14, na'urar ta ƙi ko buɗe ido. Ya san ke nan bakin ramin yana tsakanin 14 da 15. Ya dubi littafinsa, ya tuna cewa wannan gwaji a buɗe aka yi shi, cikin sanyin dare, kuma na'urar za ta rayu ne a rufe, cikin zafin rana, a hannun wanda bai san inda batirin yake ba. Sai ya bar wa RAM 15 ɗinsa, ya koma kan furosesa ya sauke ninki daga 47 zuwa 46, ya rage wuta kaɗan. Megahaz 100 da ya yi dare uku yana nema, ya mayar da hannunsa. Ya ja layi a ƙarƙashin lambobin, ya ɗauko akwati da sukudireba, ya fara mayar wa kwamfutar rigarta.